Saƙon Godiya Bayan Addu'ar Keɓe Ni Domin Aikin Koyarwa

Salama a gare ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ni da iyalina muna godiya ga Allah, muna kuma godiya ga dukan waɗanda suka tako zuwa Wusasa da ke Zariya ranar Lahadin da ta gabata, sa'ad da aka yi mini addu'a aka danƙa mini ajin masu shirin baftisma.

Duk wanda ya san ni ya san ina da in'ina tun ina yaro, karatuna bai wuce sakandare ba, sana'ata kuwa ɗinki ce a Sabon Gari. Shekara uku dattawan ikkilisiya suna kirana ina zillewa, wani lokaci da hujjar aiki ya yi yawa, alhali tsoron tsayawa gaban jama'a ne kawai.

Godiyata ta musamman ga Baba Katikis, wanda ya biyo ni har shago, ya ture ƙyallayen da ke kan benci ya zauna, ya buɗe littafin Fitowa sura 4 cikin Littafi Mai Tsarki ya ce in karanta da ƙarfi. Na daɗe ina fama da ayar da Musa yake cewa shi mai nauyin baki ne, amma Baba bai ƙarasa mini ko kalma ɗaya ba, ya jira har na kai inda Ubangiji ya tambayi Musa wane ne ya yi wa mutum baki. Sannan ya ce, "Ɗana, tsohuwar majami'ar St. Bartholomew ta Wusasa da ƙasa aka gina ta a 1929, ga ta nan tsaye har yau." Ban amsa masa a ranar ba, sai bayan mako biyu.

Ina godiya ga Rabaran ɗinmu, da ƙungiyar mawaƙa, da iyayenmu na Zumuntar Mata waɗanda suka kwana suna dama kunun zaƙi. Maƙwabtana Musulmi da suka zo gida yi mana barka, Allah ya bar zumunci. Matata kuwa, wadda ta riƙa zama ɗalibata kowane dare ina gwada darasi a kanta, ban san da bakin da zan gode mata ba.

Har yanzu gabana yana faɗuwa, ba zan ɓoye muku ba. Za mu fara aji ranar Asabar da ƙarfe 4 na yamma, saboda haka ina roƙo ku sa ni da ɗaliban cikin addu'a.