Ƙannena 'yan SS3, kafin ku cike fom ɗin JAMB

Jiya ƙanwata ta kira ni wai Yaya wace jami'a zan cike, na ce ke tsaya tukuna, wane kwas kike so? Ta ce likitanci, don ƙawayenta duk shi suka cike. Nan na san akwai aiki.

Gaskiya ku fara duba kwas kafin sunan makaranta. Jarabawar UTME, wato ta shiga jami'a da JAMB ke shiryawa, maki 400 ce, darussa huɗu kuma Turanci dole ne, amma sauran ukun in ba su dace da kwas ɗinka ba ko 300 ka ci wallahi ba za ka samu kwas ɗin ba, haka ma sai kana da kiredit biyar na WAEC ko NECO, har da Turanci da Lissafi. Sannan nisa. ABU Zariya kanta kashi biyu ce, masu karatun lauya suna Kongo, 'yan injiniya suna Samaru, BUK ma akwai tsohon saiti da sabo, kuɗin mota kaɗai sai ya cinye rabin abin da Baba ya turo.

Ni da na shiga aji ɗaya na ɗauka hutu na zo, ba mai tashinka, ba bulala. Lakcar ƙarfe 8 na dinga fashi, sai ga kari-oba (darasin da ka faɗi, sai ka maimaita shi) guda biyu a zangon farko, har aji uku ina jan CGPA ɗin nan, wato matsakaicin makina gaba ɗaya, kamar jaki a yashi. Mu shida a ɗakin hostel, garin kwaki da ƙuli shi ne abincin dare in wata ya yi nisa. Ku taho da risho da bokiti biyu, ruwa yakan ɗauke.