Ranar da na kashe maharbiyar 'yata

Har yau in na ga dayis mai fuska 20 ya tsaya a kan 20, sai gabana ya faɗi. Lambar nan ce ta sa 'yata ta yi wata takwas ba ta kusanci teburin wasa ba, kuma ni na jefa dayis ɗin da hannuna, a fili, tana kallo.

A wurin Baba na gaji Dungeons & Dragons, wasan tebur da kowa ke riƙe jarumi guda, mai jan wasa yana ba da labari, dayis kuma yana yanke abin da zai faru. Yana da jan akwatin nan na bugun 1983, wani abokinsa ne ya bar masa tun suna ɗalibai, gefensa duk ya sha salatif. Ina shekara goma ya fara zaunar da mu, ni da yayana da ƙanwata. Sai ya kafa kwali a gabansa ya ɓoye takardunsa da dayis ɗinsa, mu kuma kowa ya jefa dayis uku sau shida, abin da ya fito shi ne jarumin da za ka riƙe. Dokokin wancan bugun ba su san lallashi ba. Makin ranka, wato yawan bugun da jaruminka zai iya jurewa, ya kai sifili, ka mutu, an gama. Mai sihiri a matakin farko da wuya makinsa ya wuce huɗu. Baba yana da maganar da yake yawan faɗa in mun fara roƙo: "Dayis ba shi da ɗa, ba shi da jika." Da wannan maganar na girma, ina alfahari da ita.

Umma ba ta so wasan ba da farko. Ta ji labarin firgicin da aka yi a Amurka a shekarun 1980, lokacin da wata uwa, Patricia Pulling, ta kafa ƙungiyar yaƙi da wasan a 1983 bayan rasuwar ɗanta, har kamfanin TSR, mai buga wasan a lokacin, ya cire sunayen shaiɗanu daga bugun 1989. Ba ta hana mu ba. Ta ja kujera ta zauna mana zama guda tun daga farko har ƙarshe, ta ga lissafi ne da tatsuniya da gardamar wa zai fara shiga kogo. Daga nan ba mu sake jin ta bakinta ba, na ɗauka maganar ta mutu ke nan.

Da 'yata ta fari ta kai tara, ita da kanta ta nemi in koya mata. Mako guda ta yi tana haɗa jarumarta a bugu na biyar, na 2014. Maharbiya ce mai koren mayafi da tabo a kumatun hagu, ta zana ta da fensir mai launi a bayan takardar, har ta rubuta mata labari: ƙaninta ya ɓace a daji, shi take nema. Makin ranta 12. Na tara ta da ƙaninta da 'ya'yan yayana biyu. Kwalin nan na Baba kuwa na ce ba na so. A ganina in dai dayis ba shi da ɗa, me za a ɓoye? Zan jefa a tsakiyar tebur kowa ya gani.

Awa biyun farko sun tafi yadda nake so. Sai suka iso ɗakin ƙarshe na kogon, inda na ajiye babban dodon da littafin ke kira bugbear. Maharbiyar ta riga ta sha sara a hannun ƙananan dodanni, saura mata maki huɗu, amma ta shiga gaba don ta kare jarumin ƙaninta. Na jefa wa dodon. Ashirin. Mugun bugu, dole a ninka dayis: mai fuska takwas guda huɗu, a ƙara biyu. Ya tashi 23. A dokar bugu na biyar, in abin da ya rage bayan sifili ya kai cikakken makin jarumi, mutuwa ce nan take, ba a ma jefa dayis ɗin ceton rai. An cire huɗu, saura 19. Na yi lissafin da ƙarfi, kamar mai karanta sakamakon jarrabawa.

Ba ta yi kuka ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta dube ni ta ce, "Abba, yaushe za ta tashi?" Na ce ba za ta tashi ba, haka doka ta ce, amma za mu haɗa wata yanzu-yanzu, minti goma ne. Na ma ƙara mata da maganar kakanta. Ta ninke takardar gida huɗu, zanen yana ciki, ta ce "To," ta sauka daga kujera ta fita.

Minti goma. Abin da ta yi mako tana ginawa na ce mata minti goma ne. Wannan kalmar ta fi jifar dayis ɗin ci mini rai.

Kuma abin haushin, ba sai na yi maguɗi ba. A cikin littafin da ke gaban nawa akwai dokar da ta ce wanda ya kai abokin faɗa sifili da bugun kusa yana iya zaɓar ya sumar da shi kawai. Na san dokar, na sha barin manya su yi amfani da ita a kan dodanni. Dodon nan zai iya sumar da ita ya ja ta cikin kogo, sauran yaran su bi sawu su ceto ta, da ya zama zaman da za su riƙa ba da labarinsa. Kaina bai je can ba, don ba fuskarta nake kallo ba, dayis nake kallo.

Bayan kwana uku na kira Baba, ina neman ya ce na yi daidai. Ya yi shiru har na duba ko wayar ta katse. Sai ya ce, "Kai a tunaninka kwalin nan da nake kafawa aikin me yake yi?" Na ce ɓoye taswira. Ya ce, "Jarumin nan naka mai gatari, sau nawa kake tsammani ya mutu a bayan kwalin nan a shekarar farko? Na daina ƙirgawa." Ashe ranar da Umma ta zauna mana, da dare ta kafa masa sharaɗi guda: ya yi wasansa da mu, amma kada ya sa mata yara kuka a kan takarda. Shi ya sa yake jefawa a ɓoye, ya dubi fuskokinmu, sannan ya faɗi lamba. Sai da na kai sha uku, ya ga na fara raina haɗari ina kutsawa ko'ina ba tsoro, sannan ya bar dayis ya yi aikinsa. Na tuna mutuwar nan sarai. Na yi fushi na kwana ɗaya, washegari na dawo da sabon jarumi.

Ban ɓoye masa ba, raina ya ɓaci. Shekaru sama da ashirin ina yawo da maganarsa, ina faɗa wa abokan wasa, ashe rabin koyarwar kawai ya ba ni, ɗaya rabin yana bayan kwali, kuma na Umma ne. Da ya faɗa mini ranar da na ce masa jikarsa za ta fara, da ba mu zo nan ba. Ya ce bai taɓa zaton zan cire kwalin ba.

Har yanzu ba na son canza lamba, da manya a fili nake jefawa. Amma duk uban da ya ce mini zai zaunar da ɗansa, abu na farko da nake tambayarsa shi ne ko sun yi maganar mutuwa kafin a taɓa dayis. Ka tambayi yaron kai tsaye: in jarumin ya faɗi, me kake so ya faru? Wani zai ce a bar shi ya mutu, yana jin daɗin haɗarin. Wani ba zai iya ba. Kuma kada ka fara su a matakin farko da dodo mai bugun da zai iya share jarumi a jifa ɗaya, ka ɗauki alƙalami ka lissafa mafi munin abin da zai iya fitowa tun kafin zama. Nawa 34 ne, a kan yarinya mai maki 12. Minti ɗaya zai ɗauke ni in gano haka. Gary Gygax ma, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro wasan, da 'ya'yansa Ernie da Elise ya fara gwada wasan kafin ya fito a 1974, wato tun asali akwai yara a teburin, ni ne na yi kamar babu.

Na ba ta haƙuri a makon, ba a kan doka ba, a kan minti goman. Ta ce ba komai, amma ko an kafa tebur sai ta wuce ɗaki. Ban matsa mata ba, duk da wata takwas ɗin sun yi mini tsawo ƙwarai.

Wata ranar Asabar ina jan wasa wa ƙaninta da 'yan uwansu, sai ga ta da takarda biyu. Ɗaya sabuwa, ɗaya mai sawun ninki huɗu. Ta shimfiɗa tsohuwar a gefe ta danne da hannu, ta tura mini sabuwar. Ƙanin maharbiyar ne, wanda ya ɓace a daji, ya fito yana neman yayarsa. Na tambaye ta in ya faɗi me take so. Ta yi tunani sosai, ta ce a karo na farko ya suma, na biyu kuma ta yarda. Na ce in kafa kwali? Ta ce a'a, tana so ta gani. Ta jawo kujerarta kusa da tawa, ta ɗauki dayis mai fuska 20 ta miƙo mini.