Rashin jin magani ne ya kashe shi, ko dai ya mutu ne yana ɗauke da ƙwayar?

Duk wanda ya daɗe yana duba takardun majinyata a asibitocin Garwa ko Marwa a arewacin Kamaru ya san abu guda: sakamakon gwaji da ya ce ƙwayar cuta ba ta jin allurar kashe ƙwayoyin cuta ta ceftriaxone bai isa hujjar abin da ya kashe mutum ba. Mai ciwon suga da ƙodarsa ta riga ta gaza zai iya rasuwa ko da maganin ya yi aiki.

Binciken da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya raba lissafin gida biyu. A 2019, mutum miliyan 4.95 sun mutu da ciwon da ƙwayarsa ba ta jin magani, amma miliyan 1.27 ne aka ɗora wa rashin jin maganin kansa. Kusan ninki huɗu ke nan tsakani, kuma masu ba da labari sukan ɗauki babban. Yammacin Afirka, inda binciken ya sa Kamaru da Chadi, shi ne kan gaba da mutuwar mutum 27.3 cikin kowane dubu 100 saboda rashin jin maganin kansa, sai dai ƙiyasi ne daga yanki mai ƙarancin ɗakunan gwaji. Mutuwar mutum miliyan 10 a shekara da rahoton O'Neill, wanda gwamnatin Birtaniya ta sa aka yi, ya ambata game da 2050 kuwa hasashe ne, ba ƙidaya ba.

Inda aka fi tafka kuskure shi ne wajen wa aka gwada. A nan dangi ke biyan kuɗin gwaji, don haka sau da yawa ba a ɗibar jini sai magani ɗaya ko biyu sun gaza. Kenan masu ƙwayar da ke da taurin aka tara, dole kason rashin jin magani ya kumbura. Ga wanda ya sha maganin kashe ƙwayoyin cuta amoxicillin na tebur a kasuwa kafin ya zo: ƙwayar da ke jin magani ta ƙi tsirowa a kwalbar da ake zuba jinin don ƙwayar ta tsiro a gane ta, mai taurin ta tsiro.

Sai a bincika ɗibar jinin. Ga babba, mililita 8 zuwa 10 kowace kwalba, daga wurare biyu, kafin allurar maganin ta farko. Idan staphylococcus, irin ƙwayar da ke zaune a fata, ya fito a kwalba ɗaya kawai, galibi daga fatar ya shiga saboda ba a goge wurin da kyau ba. A tabbatar ba a ƙirga mutum ɗaya sau uku don an aika samfurinsa sau uku ba. A kuma duba ranar kwanciya: ciwon da ya bayyana bayan awa 48 shi ake ɗauka na asibiti, wanda ya riga haka daga gida aka zo da shi.