Kuɗin mota daga Rijiyar Lemo

Yau da safe na ga wata baba ta sauka daga adaidaita sahu a Kurna, nan Kano, saboda kuɗinta bai kai kasuwar Kwari ba. Ta ce za ta ƙarasa da ƙafa. Wallahi raina ya sosu.

Tun da Tinubu ya cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, mu 'yan bayan gari muke shan wahala. Ban ga laifin direbobi ba, su ma balas, wato kuɗin da suke kai wa masu abin hawan, ke jiransu da yamma.

Jiya bayan Isha'i mun zauna a ƙofar gidan mai unguwa, mun rubuta takardar neman manyan motocin haya masu rahusa, da rangwame ga ɗalibai da tsofaffi. Asabar za mu bi gida-gida karɓar sa hannu.