Kada Ku Auna Ƙungiyar Sulhu da Yawan Kujeru

Ƙannena masu sha'awar aikin sasanta mabiya addinai, na daɗe a cikin wata ƙungiya ta Musulmi da Kirista, kuma babban kuskurena shi ne na ɗauka bunƙasar ƙungiya tana ga yawan kujerun da aka cika da hotunan limamai da fastoci suna musafaha. Mun fara mu kaɗan, muna bin gidajen da rikici ya taɓa, amma da kuɗin tallafi ya fara shigowa sai muka tare a ɗakin taro, muna gayyato mutanen da tun asali ba su da faɗa da kowa.

Wata rana ina jagorantar zama, sai wata baiwar Allah da aka kashe mijinta ta miƙe da takarda a hannu, ta ce tana son a gaya mata dalilin da ya sa har yau wani ke zaune a gidanta, alhali kowa a ɗakin ya san yadda aka yi ya shiga. Na katse ta da cewa ba tone-tone ya tara mu ba, na ce a rufe taro da addu'a, domin mai hoto yana jira. Ta ninke takardar, ta ƙulle a bakin zaninta, ta fice ba ta ce uffan ba. Da dare na rubuta a rahoto cewa taro ya yi armashi.

Da na yi wa tarihin waɗanda nake kwaikwayo karatun natsuwa, da ban yi haka ba. Ƙungiyar Sant'Egidio, wata ƙungiyar Kirista 'yan Katolika da ta yi suna wajen sulhu, ta faro a birnin Rum a 1968, lokacin da Andrea Riccardi da 'yan uwansa ɗalibai suke koyar da 'ya'yan talakawa a bayan gari, kuma sai da suka haura shekara 20 suna wannan hidima kafin gwamnatin Mozambik da 'yan tawayen Renamo su amince su zauna a wurinsu a 1990. Zaman ma ya ci fiye da shekara 2 kafin a sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya ranar 4 ga Oktoba, 1992. Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye kuwa, da suka haɗu a Kaduna a 1995 suka kama aikin sulhu tare, kowannensu yana ɗauke da tabon rikicin 1992, Ashafa ya rasa malaminsa, Wuye ya rasa hannu, shi ya sa matasan da ke ɗaukar makami suke sauraronsu. Duk da haka, yarjejeniyar zaman lafiyar da shugabannin addini 22 suka sa wa hannu a Kaduna a Agustan 2002 ba ta hana garin kamawa da wuta a Nuwamban shekarar ba.

Saboda haka, duk sanda kuka shirya zama, ku fara duba wanda ba ya cikin ɗakin, ku je ku same shi a inda yake. Idan mai ƙorafi ya miƙe, ku bar shi ya kai aya ko da manyan baƙi za su murtuke fuska, sannan ku raba aiki a tsakaninku: wane ne zai raka shi wurin hukuma, wane ne zai tunkari wanda ake tuhuma ta hannun malaminsa ko fastonsa.

Bayan shekara 2 na je neman matar nan domin in ba ta haƙuri. Maƙwabta suka ce ta tashi tuntuni, mutumin kuwa har ya yi wa gidan sabon fenti.