Inda aka kwana kan lambun bayan gida, injin ruwa da janareta

To 'yan uwa masu koyon gyare-gyaren gida da kansu, ga inda aikin ya kai a wannan hunturun. Tumatir ya kama, latas da alayyahu sun yi kyau, zogale na sake toho bayan na sare kansa, amma abin da ya fi cin lokacina ba shukar ba ce, ruwa ne. Lambu dai ruwa ne, ruwan kuma a gidanmu sai injin ya ja shi daga rijiya zuwa tanki, injin sai da wuta, wutar kuma kun san halinta, sai janareta. Ɗaya ya tsaya duka sun tsaya.

Bari in fara da tumatir tunda shi ya tona asirin matsalar. Irin UC82B na samu, wanda manoman rani suke yawan shukawa, na raine shi a tsohuwar roba na dasa bayan ya yi kamar sati huɗu, tazarar santimita 50 tsakanin kowane tushe. Yana fara 'ya'ya sai na ga gindin wasu ya yi baƙi ya lotsa kamar an ɗana masa wuta. Da yawa suna ganin haka sai su ruga sayen maganin feshi, wlh asarar kuɗi ce, ba ƙwaro ba ne ba cuta ba ce. Rashin daidaiton ban ruwa ne: yau ƙasa ta jiƙe sharkaf, gobe da jibi ta bushe ƙamas, sai sinadarin kalsiyam ya kasa isa ga ɗan tumatirin, shi ke nan gindin ya mutu. Kuma daidai lokacin ne injin ruwan ke mana wasa, yau ya ja gobe ya ƙi.

Injin namu na sama ne, ba sumo ba (wanda ake nutsarwa cikin ruwa), ƙarfinsa rabin hos, yana zaune bakin rijiya da bututu da ya sauka ciki. Zai tashi yana juyawa lafiya lau amma ko ɗigo ba ya fitowa. Abin da na koya a nan ya kamata kowa ya riƙe: irin wannan injin ba ya iya jan iska, dole cikinsa da bututun su cika da ruwa kafin ya fara aiki. Akwai ɗan noti a samansa, ka kwance ka ɗura ruwa har ya tumbatsa ka mayar ka ɗaure, ka kunna. In ya ja to madalla, amma in kullum da safe sai ka sake ɗurawa, to ruwan na zurarewa ne cikin dare, kuma mai laifin kusan kullum fut balb ne, wancan abin da ke ƙarshen bututu a cikin rijiya wanda ke barin ruwa ya hau ya hana shi komawa. Na jawo bututun na duba, ashe ɗan tsakuwa ne da yashi suka maƙale a bakin robar ya hana ta rufewa. Wankewa kawai na yi, sannan duk mahaɗar da ke da zare na kwance na naɗe da farin tef ɗin fulamba na sake ɗaurewa, don ƙaramar kafa da ido ba zai gani ba ta isa ta shigar da iska ta hana jan ruwa.

Sai dai akwai iyakar da gyara ba zai ƙetare ba. Injin sama ba ya jan ruwan da zurfinsa ya wuce kamar mita 7 zuwa 8, ko sabo ne fil, nauyin iskar duniya ne ya sa wannan iyakar ba raunin inji ba. To ga shi rijiya tana ja da baya tun daga yanzu har zuwa bazara. Ku auna da igiya da dutse daga inda injin yake zuwa saman ruwa, in kun ga ya kusa wannan adadin ku daina wahalar da kanku da canza kaya, ko a sauke injin ƙasa kan dakali cikin rijiya ko a fara tara kuɗin sumo.

Wani abin kuma, in kun kunna kun ji yana gurnani kawai bai juya ba, ku kashe nan take kafin kwayil ya ƙone. Sau da yawa kwandansa ce, 'yar na'urar nan da ke jikin injin mai riƙe caji ta taimaka masa ya fara juyawa. A cire wuta gaba ɗaya, a haɗa ƙafafunta biyu da sukudireba mai mariƙin roba don ta sauke cajin da ta riƙe, sannan a tafi kasuwa da tsohuwar a sayo mai lamba iri ɗaya. Kada wani mai shago ya ce maka ai duk ɗaya ne.

Janareta kuwa ƙurar hunturu ce ta shaƙe shi. Yana tashi sai ya riƙa hawa da sauka yana baƙin hayaƙi. Na buɗe murfin gefe na ciro soson da ke tace iska, ya koma ja saboda ƙura, na wanke da ruwan omo na shanya ya bushe sarai, na ɗiga masa baƙin mai kaɗan na matse na mayar. Filogi na goge da burushin waya, tazarar bakinsa kamar milimita 0.7 ake so. Sannan kofin da ke ƙasan kabureta, akwai ɗan sukuru a jikinsa, na kwance sai ga datti da ɗigon ruwa sun fito, irin tsarabar man bumburutu. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 mutum ba ya kunna inji kullum, man sai ya daɗe a kabureta ya yi danƙo ya toshe jet, wato 'yar kafar da man ke bi, shi ya sa yanzu in zan kashe sai in rufe makunnin mai in bar shi ya shanye na ciki ya mutu da kansa. Ga masu babban inji mai rumbun baƙin mai daban, da yawansu suna da na'urar da ke hana su tashi in baƙin mai ya yi ƙasa, sai ka ga mutum na ta jan igiya har kafaɗa ta yi tsami alhali leƙa ma'aunin mai kawai ya rage. Masu ƙaramin nan da ake haɗa masa fetur da baƙin mai kuma, kar ku ɗora masa injin ruwa mai hos ɗaya, hos ɗaya wat 746 ne kuma a lokacin tashi yana jan ninkin haka.

Da ruwa ya daidaita sai na koma kan rage buƙatarsa. Na shimfiɗa buntun shinkafa da busasshiyar ciyawa a gindin shuka, ban ruwa da sassafe, kullum gwargwado ɗaya. Sabbin 'ya'yan da suka fito bayan nan gindinsu lafiya, waɗanda suka riga suka yi baƙi kam na tsinke na zubar, ba sa warkewa.

Abin da nake sa wa ido yanzu sharon ne, tsutsar nan da ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna a 2016 har kwando ya gagari talaka. Tana shiga tsakiyar ganye ta yi farin tabo kamar leda, duk wanda na gani ina tsinkewa in ƙona, da yamma kuma in fesa ruwan darbejiya, 'ya'yan na daka na jiƙa ya kwana na tace na sa ɗan sabulu. Gsky ba na ce yana kashe ta duka ba, amma yana rage farin ƙuda sosai.

Saura fankar falo da ta rage gudu, ita ma ina zargin kwandansa, irin mai lamba 2.5 ɗin nan, zan hau in duba kafin zafin Maris ya shigo.