Zakin tagulla a birnin Paris

Ranar Talata na tashi da niyyar shiga gidan tarihi na Louvre, ban san ita ce ranar da ake rufe shi ba. Kawuna da na sauka a wurinsa ya yi ta dariya a waya. "Kai ɗan nan, ba ka tambaya? To taka ka shiga lambun Tuileries, ga shi nan gabanka, ba a biyan ko sisi."

Na shiga ina ƙunƙuni, ga sanyi yana ratsa ƙashi. Can ɓangaren titin Rivoli na yi kiciɓis da karkanda na tagulla, damisoshin Asiya sun far masa. Kusa da shi zaki da zakanya na rigima a kan aladen daji. Aikin Auguste Cain ne, wanda ya rasu a 1894. Ruwan sama da shekaru sun sa tagullar ta yi kore-kore, tantabaru kuwa ba ruwansu da kwarjinin kowa, sai su sauka a kan zakin su yi abin da ya kawo su. Na ja kujerar ƙarfe na zauna har yatsuna suka sandare.

Washegari na samu shiga Louvre. Jama'a na ta tururuwa wajen shahararren zanen Mona Lisa, ni kuwa na nufi ɓangaren Richelieu neman zakin Antoine-Louis Barye, jagoran masu irin wannan aiki a Faransa. Ya nuna samfurinsa a baje kolin Paris na 1833, aka zuba shi da tagulla a 1835, ya daɗe a cikin lambun Tuileries kafin a shigo da shi ciki.

Girmansa ya kusa na zakin gaske. Ya danne maciji da ƙafar gaba, ya karkatar da kai, ya yage baki. Macijin bai saduda ba, ya ɗago kai ya buɗe nasa bakin. Na zagaya bayansa har sau uku. Abin da ya riƙe ni shi ne fatar hancin da ta tattare, da jijiyoyin ƙafar da suka fito ruɗu-ruɗu. Kai ka ce yanzu zai yi gurnani.

An ce akwai siyasa a ciki: zakin shi ne mulkin Sarki Louis-Philippe, wanda ya hau bayan juyin Yulin 1830, macijin kuma masu tayar da fitina. A ganina wannan fassarar fadawa ce. Barye ɗan maƙerin zinariya ne, kuma a keji ya san zaki, a gidan dabbobi na Jardin des Plantes. Can yake zuwa da abokinsa mai zane Eugène Delacroix, in dabba ta mutu su auna gaɓoɓinta, su duba yadda tsoka ta kwanta a kan ƙashi. Shi ya sa ƙafar nan ta fito haka.

Hanyar zubin ma ba baƙuwa ba ce gare mu. Da kakin zuma ake fitar da siffa, a lulluɓe ta, a narkar da kakin ya tsiyaye, a ɗura narkakkiyar tagulla a gurbinsa, kamar yadda maƙeran birnin Benin suka gada.

Da dare na nuna wa Kawu hotunan. Ya ƙura wa macijin ido, ya ce, "In kububuwa ce wannan, ai zakin ma ba zai kwana ba."